Daga Abuja Zuwa Kano a Motar Lantarki: Ina Cajin Zai Ƙare?

A takardar da kamfanin BYD na ƙasar Sin ke nuna wa masu son sayen motarsa ƙirar Atto 3, an rubuta cewa idan aka cika batirinta fal, za ta yi tafiyar kilomita 420 kafin ta sake neman caji. Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kano, da ya ga wannan adadi sai ya hau lissafi da ka. Daga Zuba zuwa Kano kilomita 375 ne. In ka haɗa da kusan 40 da ke tsakanin tsakiyar Abuja da Zuba, ka tashi da 415 ko makamancin haka. Ke nan mutum zai iya barin Abuja da sanyin safiya, ya yi Azahar a Kano bai leƙa gidan mai ko ɗaya ba, har ma da 'yar rara a batir.

A takarda ke nan. A kan kwalta kuwa, idan direba ya yi irin tuƙin da aka saba yi a wannan hanya, motar ba za ta kai shi Kano ba. Ba ƙarya kamfanin ya yi ba, kuma motar ba ta da wani aibu. Akwai dai abubuwan da takardar ba ta faɗa, waɗanda ya wajaba mai shirin zuba miliyoyinsa ya sani tun kafin ya karɓi makulli.

Shekaru kaɗan baya, in ka ɗauko zancen motar lantarki a majalisa, kallon mai almara za a yi maka. Abin da ya sauya lamarin shi ne ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta yi ta hauhawa har ta haura naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Ma'aikata da dama sun jingine motocinsu sun koma adaidaita sahu, wasu kuma suka mayar da nasu masu amfani da gas. A wannan watan na Oktoba ne gwamnatin tarayya ta sanar da cire harajin VAT daga kan motocin lantarki, sannan a 2025 BYD ya shigo kasuwar Najeriya a hukumance ta hannun LOXEA, wani reshe na kamfanin CFAO, da motoci biyu, Atto 3 da Dolphin. Kafin su, an ga Hyundai Kona mai lantarki da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka ƙaddamar a ƙarshen 2020. Saboda haka yau tambayar da masu hali ke yi ta zahiri ce: in na saya, za ta kai ni gida da Sallah?

Yadda ake samo adadin da ke takarda

Batirin Atto 3 babba yana ɗaukar kilowat-awa 60 da ɗoriya. Kilowat-awa shi ne yunit ɗin nan da ake saya a loda a mita, don haka a sauƙaƙe motar tana ɗauke da yunit 60 na wuta. Wannan shi ne tankinta. Nisan da za ta yi ya dogara ne ga yawan yunit ɗin da take ci a kowane kilomita 100, shi kuma wannan yana hannun direba da hanya da yanayi.

Adadin 420 ya fito ne daga gwajin Turai da ake kira WLTP. A cikin ɗaki ake yin sa, a ɗora tayoyin mota a kan na'ura mai juyawa, yanayin ɗakin yana kan digiri 23, na'urar sanyaya mota a kashe. Zagaye ɗaya na gwajin minti 30 ne, nisansa bai wuce kilomita 23 da 'yan kai ba, matsakaicin gudunsa kuwa kilomita 46.5 a awa. Ana taɓa gudun 131 na ɗan lokaci, amma galibin gwajin tuƙin cikin gari ne da na bayan gari, tsaya-tashi, tsaya-tashi. A ƙasar Sin, inda ake sayar da wannan mota da sunan Yuan Plus, suna da nasu gwajin mai suna CLTC wanda ya fi wannan sanyin gudu, matsakaicinsa bai kai kilomita 30 a awa ba. A can, batir ɗin nan dai mai yunit 60 kilomita 510 aka rubuta masa. Mota ɗaya, batir ɗaya, amma bambancin kilomita 90 tsakanin takardu biyu. Wanda duk dillali ya kawo masa mota kai tsaye daga Sin yana cewa tana yin ɗari biyar da goma, to ya san daga inda adadin ya fito.

Motar fetur ta fi shan mai a cunkoson gari, ta fi tsimi a doguwar hanya. Motar lantarki akasin haka take. A gari ba ta cin komai in tana tsaye sai abin da na'urar sanyi da fitilu ke ja, kuma duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taɓa birki, injin nata yakan koma janareta ya mayar da wani ɓangare na wutar cikin batir. A buɗaɗɗen titi babu wannan garaɓasa. Abokiyar gabarta a can ita ce iska. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi: in ka tashi daga gudun 90 zuwa 120, gudun ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku ne kawai, amma ƙarfin da iska ke tura motar baya ya ƙaru da kusan kashi 78 cikin ɗari. Atto 3 kuma doguwa ce mai faɗin ƙirji, ba siririya mai yanka iska ba.

Bari mu bi hanyar da alƙalami. Mota ta tashi daga Abuja batir a cike, mutum huɗu a ciki, but shaƙe da tsaraba, na'urar sanyi a kunne, direba yana riƙe da gudun 110 zuwa 120 duk inda titi ya ba da dama. A irin wannan hali, mota mai wannan girma takan ci wajen yunit 20 a kilomita 100. An wuce Zuba, an wuce Tafa da tirelolinta, an wuce Jere da Katari da Rijana. Isa Kaduna kusan kilomita 200 ne, yunit 40 sun tafi, allon gaban direba yana nuna saura kashi ɗaya cikin uku. Daga Kawo zuwa Zariya wasu kilomita 70 da ɗoriya, ta Maraban Jos da Jaji. Ana isa Kwangila abin da ya rage bai wuce yunit 5 ko 6 ba, alamar batir ta koma ja, motar ta fara gargaɗi. Kano kuwa saura kilomita 137, waɗanda ke buƙatar yunit 27. Tun kafin Kwanar Dangora ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

In direban mai haƙuri ne, ya tsaya a gudun 80 zuwa 90, cin zai sauko wajen yunit 15 ko 16, nisan ya kai 375 zuwa 400. Ya matso kusa ƙwarai, amma duk da haka bai kai 415 ba, kuma ba mai hankalin da zai so shiga Na'ibawa da batir a kan sifili. Lokacin hunturu ma akwai ƙari, domin iskar daga arewa maso gabas take kaɗowa, wato mai zuwa Kano yana karo da ita gaba da gaba tun daga Kaduna.

Tsayuwa ɗaya ake nema

Abin da wannan lissafi ya nuna shi ne tafiyar tana buƙatar caji sau ɗaya a tsakiya, a Kaduna ko a Zariya. Wannan ba wani babban al'amari ba ne. Atto 3 tana karɓar caji mai sauri har kilowat 88, kuma kamfanin ya ce daga kashi 30 zuwa 80 cikin ɗari minti 29 ne. Wanda ya isa Kaduna da sulusin batir, ya jona, ya yi alwala ya yi sallah, ya ci abinci, kafin ya gama sakace motar ta tara abin da zai kai ta Kano in ya bi a hankali. Matafiyanmu dama suna yin wannan tsayuwa ko da motar fetur ce.

Akwai dalilin da ya sa kullum kashi 80 ake ambata ba ɗari ba. Batir yana karɓar wuta da sauri ne in yana da sarari, yana matsowa cika saurin na raguwa. Kamar ɗura hatsi ne a buhu: da fari zubawa kawai ake yi, amma in ya kusa baki sai an girgiza, an danna, an ƙara kaɗan-kaɗan. Kashi 20 na ƙarshe kan iya cin lokacin da ya kusa kai na rabin batir a farko. Shi ya sa gogaggun matuƙa a ƙasashen da abin ya zauna ba sa jiran cika a hanya, sukan ɗebi abin da zai kai su zango na gaba su wuce.

To, a nan gizo ke saƙar. 'Yan wuraren cajin jama'a da ake da su a Najeriya sun taru ne a Legas da Abuja. A manyan hanyoyin Arewa har yanzu babu jerin tasoshin caji mai sauri da matafiyi zai ɗaura tafiyarsa a kansu, ya tabbata zai tarar da wuta, na'ura tana aiki, kuma bakinta ya dace da motarsa. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa a manyan hanyoyinta dole a samu wurin caji mai sauri duk bayan kilomita 60. A Norway, inda kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki zalla ne, ba wanda ke zama da alƙalami yana irin lissafin da muka yi a sama. Motarsu ba ta fi wannan wani abin a-zo-a-gani ba, hanyarsu ce ta fi tamu shiri.

Ƙarewar caji a hanyar Kaduna kuma ba ɗaya take da ƙarewarsa a wata ƙasa ba. Kowa ya san shekarun da sunan Rijana da Katari ke sa gaban matafiyi faɗuwa, har mutane suka ƙaurace wa titin suka koma jirgin ƙasa, shi ma aka kai masa hari a ranar 28 ga Maris 2022. Direban wannan hanya yana gudu ne ba don ganganci kaɗai ba, so yake ya fita daga daji kafin rana ta faɗi. Ka ce masa ya tsaya a gudun 80 don tsimin batir, ka nemi abin da ransa ba zai kwanta da shi ba. Sannan in mai ya ƙare wa motar fetur, ɗan acaɓa zai kai ka wurin 'yan bumburutu ka dawo da galan. Wutar lantarki ba a zuba ta a jarka. In batir ya mutu sai dai a nemo babbar mota a ɗora ta, domin jan irin wannan mota da igiya tayoyinta na gaba suna juyawa a ƙasa yana iya lalata injin da na'urorinsa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne bakin caja. Mu kasuwarmu ta motocin Kwatano ce, kowa yana shigo da tasa daga inda ya samu. Buɗe murfin wurin caji na Atto 3 da aka yi don kasuwar waje, wanda ke gefen gaba kusa da taya, za ka ga baki ɗaya mai hawa biyu: sama kewayayye ne mai ƙananan ramuka bakwai, ƙasa kuma manyan ƙarafa biyu masu ɗaukar caji mai sauri. Wannan shi ne tsarin Turai, CCS2. 'Yar'uwarta da aka sayo a kasuwar cikin gida ta Sin tana da tsarin GB/T, mai baki biyu daban-daban. Tesla da aka kawo daga Amurka nata bakin daban ne, tsohuwar Nissan Leaf kuma tana da na Japan mai suna CHAdeMO. Ana sayar da mahaɗai, amma na caji mai sauri suna da tsada kuma ba kullum suke jituwa da kowace na'ura ba. Mutum zai iya isa tasha, ga wuta ga caja, ya tsaya yana kallo.

Caji a gida, da wace wutar?

Gaskiyar magana, mai motar lantarki a ko'ina a duniya mafi yawan cajinsa a gida yake yi da dare. Motar takan zo da igiyar da ake jonawa a soket na bango. Wannan igiya tana jan abin da bai wuce kilowat 2 da 'yan kai ba, wato cika batir daga ƙasa zai ci awa 28 zuwa 30 na wutar da ba ta yanke ba. Wanda ya kai ziyara ƙauye yana tunanin zai jona a ɗakin baƙi ya juyo washegari, sai ya sake shiri. In aka kafa cajar bango mai kilowat 7, lokacin yana saukowa zuwa awa 9 ko 10, daidai da dare ɗaya.

Ko igiyar soket ɗin ma tana da sharaɗi. Dutsen guga minti ashirin yake aiki a kashe shi, ita kuwa mota za ta ja wuta mai nauyi awa bayan awa ba hutu. A gidan da aka yi wayarin da siririyar waya mai araha, sa bayan hannunka a kan soket ɗin bayan awa biyu. In ka ji zafi, ko ka ga robar ta fara sauya launi a gefen ramukan, cire nan take. Cajar kuma takan duba ko gidan yana da wayar da aka binne a ƙasa don kariya, in babu sai ta ƙi aiki, kuma gidajenmu da yawa ba su da ita. Haka nan in wuta ta zo ba ƙarfi, irin wadda ƙwai ke ja kamar garwashi, cajar yankewa take yi. Kafin a sayi motar, a fara kiran ƙwararren mai gyaran wuta.

In wutar ta samu, ribar a bayyane take. 'Yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, an ɗaga musu farashin yunit zuwa naira 225 a Afrilun 2024, daga baya ya tsaya wajen 209. Da wannan farashi, cika batir har da 'yar asarar da ake yi wajen caji bai wuce naira 14,000 ba. A doguwar hanya wannan kuɗi ya ba ka kilomita 300. Motar fetur mai cin lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 24 a wannan nisa, in lita tana naira 900 ka kashe 21,600. A cikin gari tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba, domin cajin nan ɗaya zai kusa kai ka kilomita 400, ita kuwa ta fetur mai cin lita 11 a cunkoso sai ta lashe kusan naira 40,000. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu filogi, babu salansa, birki ma yana daɗewa bai cinye ba.

Amma mutum nawa ne ke ganin awa 20 ɗin? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar da 'yan kai. Babban layin wuta na ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024, kuma a Oktoban shekarar mafi yawan jihohin Arewa sun kwashe sama da mako guda a duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir da ake lallaɓawa da shi kuma ya samu matsala. Wanda ke da motar lantarki a Kano a wannan mako, in ba shi da wata hanyar samun wuta, ajiye ta ya yi. Janareta ba mafita ba ce ta kullum. Ƙarami irin na masu aski bai ma isa ya tayar da cajar ba, domin mafi ƙarancin abin da take nema ya kusa kilowat ɗaya da rabi. Babba mai dizal yana ba da wajen yunit 3 a kowace lita, wato sai an ƙona sama da lita 20 kafin batir ya cika. An gudu ba a tsira ba.

Rana ce gatanmu. A Arewa, farantan sola masu ƙarfin kilowat ɗaya sukan samar da yunit 4 da rabi zuwa 5 a yini. Cika batir gaba ɗaya a rana guda zai buƙaci faranti sama da 20 masu wat 550, abin da ba kowane rufi ne zai ɗauka ba, balle aljihu. Sai dai ma'aikacin da ke yin kilomita 40 a rana tsakanin gida, ofis, makarantar yara da kasuwa, yunit 6 ko 7 kawai yake ci. Faranti uku ko huɗu sun biya wannan, muddin motar tana gida da rana ko akwai batirin ajiya da inbata mai ƙarfi. Motar ma tana iya rama alheri: Atto 3 tana da hanyar fitar da wuta daga batirinta ta wani mahaɗi, a jona firji, fanka, talabijin da fitilu. Gidan da ke cin yunit 6 a dare zai yi kwanaki yana sha daga cikinta. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Zafi, ramuka da bakanike

A watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Batir ba ya son haka. In ya ɗauki zafi bayan doguwar tafiya, motar da kanta takan rage saurin caji don ta kare shi, sai minti 30 ya koma 45 ko fiye. Atto 3 tana da sa'a ta nan, domin batirinta na sinadarin LFP ne, wanda babu kobalt ko nikel a ciki, ya fi jure zafi, ya fi wuyar kama wuta, kuma ba ya damuwa in ana cika shi ɗari bisa ɗari a kai a kai. Tana kuma da na'urar sanyaya batir. Wadda za a yi hattara da ita ita ce tsohuwar Nissan Leaf da ake samu da araha, domin nata batirin ba shi da irin wannan na'ura, kuma an ga yadda ya riƙa saurin tsufa a wurare masu zafi irin jihar Arizona ta Amurka.

Na'urar sanyaya mota tana cin kilowat ɗaya zuwa biyu a tsananin rana. In tirela ta faɗi ta tare hanya aka yi awa uku a tsaye, abin da zai tafi bai wuce kashi 5 zuwa 10 na batir ba. Ba abin tsoro ba ne ga mai rara, amma ga wanda ya ƙure lissafinsa yana iya zama sanadin kwana a hanya.

Batirin a shimfiɗe yake a ƙarƙashin motar, tsakaninsa da ƙasa santimita 17 da rabi. Wannan ya fi na ƙananan motoci, amma hanyar da tireloli suka yi wa kwari biyu da tudu a tsakiya, ko tudun rage gudu da mutanen gari suka gina da kansu, suna buƙatar a bi su a karkace a hankali. Bugu ɗaya mai kyau a ƙarƙashi yana iya jawo asarar da ta fi ta sauke inji. Motar tana da nauyin kusan kilo 1,750, don haka tana cin taya fiye da sa'o'inta masu fetur, kuma a kasuwanni da dama ba ta zuwa da safaya, sai 'yar kwalbar gam da famfo. Wannan zai toshe hujin ƙusa, amma ba zai yi komai ba in rami ya tsaga gefen taya. Mai shirin doguwar hanya ya sayi safaya da jak, ya haƙura da wani ɓangare na but ɗin mai lita 440.

Sai batun gyara. Bakaniken unguwa zai iya taɓa birki da ƙafafu, amma wayoyin nan masu launin ruwan lemo da ke cikin motar suna ɗauke da wutar da ta kai wajen bolt 400, wadda ke kisa nan take. Ba wurin gwaji ba ne. Wanda ya saya ta hannun wakilin kamfani yana da garanti da inda zai kai kuka. Wanda ya saya a hannun dillali, ranar da allo ya nuna masa rubutun Sinanci da jar alama zai gane abin da ya rage a farashi.

Abin da Maiduguri ta riga ta nuna

Wani abin alfahari shi ne 'yan Arewa ba baƙi ba ne a wannan fage. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana siffar farko ta Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007. Da ya dawo gida ya shugabanci hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci, ya kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, sannan a Jami'ar Legas da ta Nsukka. Ita Volt ɗin, da ta shiga kasuwa a ƙarshen 2010, an yi ta ne don magance irin matsalar da muke ciki yau: tana yin kilomita 55 zuwa 60 da batir, in ya ƙare injin fetur ya tashi ya ci gaba da ba ta wuta. Irin waɗannan tagwayen motoci, masu caji da kuma tanki, yanzu sun yi yawa a kasuwa, BYD ma yana yin su. A ganina, ga magidanci mai mota ɗaya tak da ke zuwa gida duk wata, su ne suka fi dacewa a halin da ake ciki.

A Maiduguri kuwa, Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables sun fara da cire injinan ƙananan bas-bas suna sa musu batir, suna cajinsu da sola a tasharsu. A Disambar 2023 gwamnatin Borno ta Babagana Zulum ta ƙaddamar da motocin haya da suka haɗa da tasi masu lantarki. Sirrin nasarar irin wannan tsari shi ne motocin ba sa nisa da gida. Hanyarsu sananniya ce, tasharsu tasu ce, wutarsu daga rufinsu take. Haka abin yake ga mai Atto 3: Kano zuwa Dutse ya je ya dawo lafiya, Kano zuwa Katsina mai kimanin kilomita 170 ko Kano zuwa Kaduna zai isa da rara amma sai ya yi caji kafin ya juyo. Kano zuwa Maiduguri, mai kusan kilomita 600, wannan sai an tsaya sau biyu, kuma sai an san inda za a tsaya tun kafin a fita.

Saboda haka mai sola a gida ko mai zaune a layin da wuta ke tsayawa, wanda yawancin zirga-zirgarsa a gari take kuma yana da wata motar ta doguwar tafiya, ya saya ba tare da fargaba ba, zai ga sauƙi tun watan farko. Wanda ba shi da waɗannan ya dakata tukuna.

Jiran kuma bai kamata ya yi tsawo ba, domin abin da ake nema bai taka kara ya karya ba. Caja mai kilowat 60 zuwa 120 tana buƙatar taransfomarta, ko farantan sola da batirin ajiya, da fili mai tsaro, masallaci, bayi da wurin cin abinci. Manyan gidajen mai da ke Kaduna da Zariya suna da rabin waɗannan tuni. 'Yan kasuwa suna jan ƙafa ne don motocin ba su yi yawa ba, masu saye kuma suna jan ƙafa don babu caja, kuma irin wannan ƙulli hukuma ce ke kwance shi. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka ba sai an jira Abuja ba. Muna kira ga gwamnatocin Kaduna da Kano su haɗa kai da masu gidajen mai a kafa tasha ɗaya a Kaduna, ɗaya a Zariya, ɗaya a mashigar Kano, kowace da caja aƙalla biyu don in ɗaya ta lalace a samu ta biyu. Hukumar NADDC da hukumar kula da ingancin kaya, SON, su kuma su tsayar da bakin caja guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya tun yanzu, kafin motocin su cika gari kowace da irin nata.